Girman Buɗaɗɗun Ramukan Haƙar Ma'adinai: Daga Kududdufin Gari zuwa Mahaƙar Namdini

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a garin da ake gini da ƙasa ya san kududdufi. Rami ne da magina suke haƙawa a gefen unguwa domin ɗibar ƙasar tubali. Kowace shekara yana ƙara faɗi da zurfi, idan damina ta faɗi ya cika da ruwa, iyaye su shiga jan kunnen yara kada su kusance shi. A tsofaffin birane irin su Kano da Katsina da Zariya, akwai kududdufan da suka girmi duk wani mai rai a unguwar.

Buɗaɗɗen ramin haƙar ma'adinai ɗan'uwan kududdufi ne. Daga sama ake fara haƙarsa, bakinsa a buɗe yake, rana tana haska gindinsa. Bambancinsu shi ne girma, domin akwai ramukan da faɗinsu ya kai kilomita 4, zurfinsu kuma ya haura kilomita ɗaya.

Da can, mutumin Tamale yakan ji labarin irin waɗannan ramuka ne daga bakin 'yan'uwan da suka je neman aiki kudancin Gana, wato Tarkwa da Prestea da kewayensu. Yanzu abin ya matso gida. A watan Nuwamba na 2024 aka buɗe mahaƙar zinariya ta Namdini a gundumar Talensi, kudu maso gabas da Bolgatanga, garin da ke da nisan kimanin kilomita 160 arewa da Tamale. Kamfanin Cardinal Resources na ƙasar Ostireliya ne ya binciko wurin, daga baya kamfanin Shandong Gold na ƙasar Sin ya saye shi a farkon 2021. Wannan takarda za ta yi bayanin abin da ke sa irin wannan rami girma, da yadda za a kwatanta girman da abubuwan da muka saba gani, da kuma abin da ramin yake barin mutanen wurin da shi.

2.0 Hanyoyi biyu na kai wa ma'adini

Akwai manyan hanyoyi biyu da ake bi a fito da ma'adini daga ƙasa. Ta farko ita ce a bi shi ta ƙarƙashin ƙasa. Ana haƙa rami mai kama da rijiya, sa'an nan a riƙa fasa hanyoyi a kwance ana bin jijiyar ma'adinin duk inda ta nufa. Haka ake yi a Obuasi tun daga 1897, inda haƙar ta kai zurfin kimanin mita 1,500. Wannan hanya tana da tsada, domin sai an tura iska ciki, an janyo ruwa waje, an kuma tokare rufin kada ya rufta. Saboda haka ba a binta sai inda jijiyar take da zinariya mai yawa a cikin dutse kaɗan.

Hanya ta biyu ita ce a yaye duk ƙasa da dutsen da ke sama, a kwashe na ƙasa gaba ɗaya. Ana bin wannan hanya ne idan ma'adinin yana kusa da doron ƙasa, kuma a warwatse yake a cikin dutse mai yawa, kamar gishiri kaɗan a cikin babbar tukunyar miya. A irin wannan wuri babu wata jijiya mai kauri da za a bi. Dole a niƙe dutsen duka kafin a tace ɗan abin da ke ciki.

Nan ne mutane da yawa suke kuskuren fahimta. Idan suka ga ƙaton rami sai su ɗauka zinariyar wurin ce ta yi yawa. Akasarin lokaci abin da ya sa ramin ya yi girma shi ne ƙarancin zinariya a cikin kowane tan na dutse. Gwargwadon ƙarancinta, gwargwadon yawan dutsen da sai an kwashe kafin aikin ya biya kansa.

3.0 Giram ɗaya a cikin tan ɗaya

Alƙaluman da kamfanin Cardinal ya bayyana a 2019, bayan kammala bincikensa a Namdini, sun isa misali. An ƙiyasta cewa akwai dutse mai zinariya tan miliyan 138.6 da za a iya haƙowa da riba. A cikin kowane tan ɗaya, wato kilo 1,000, akwai zinariya giram 1.13 a matsakaicin lissafi. Jimlarta ta kama oza miliyan 5.1, kimanin tan 157 ke nan, domin ozar zinariya giram 31.1 ce. An tsara aikin zai ɗauki shekara 15.

Domin a gane ƙanƙantar giram 1.13, sai a tuna da ma'aunin da malamai suke amfani da shi. Dinarin shari'a, wanda ya yi daidai da miskali ɗaya, giram 4.25 ne. Rubu'in dinari, wanda shi ne mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya, giram ɗaya ne da ɗan ɗoriya. Ke nan sai an fasa dutse tan guda, an niƙe shi ya zama gari, kafin a sami zinariyar da ta kai mafi ƙarancin sadakin mace ɗaya.

Lissafin bai tsaya nan ba. Dutse mai zinariya yana kewaye da dutsen da ba shi da komai, ko kuma wanda zinariyarsa ba ta kai a wahala a kansa ba. Sai an kawar da wannan kafin a kai ga wancan, kamar yadda ake surfe a raba dusa da tsaba. A Namdini an ƙiyasta cewa duk tan ɗaya na dutse mai amfani yana tafe da tan 1.9 na dutsen zubarwa. Nisabin zakkar zinariya dinari 20 ne, wato giram 85. Kafin a tara wannan, sai an niƙa dutse tan 75, an kuma zubar da wani tan 143. Idan muka ɗauka tifar da ke kai yashi wuraren gini tana ɗaukar tan 20, lodi 11 ke nan. Har wa yau, ba dukkan zinariyar da ke cikin dutsen take fitowa ba, wani kaso yana bin laka ya tafi.

Idan aka haɗa dutse mai amfani da na zubarwa, abin da za a kwashe daga ramin Namdini a tsawon rayuwarsa ya kai kimanin tan miliyan 400. Lodin tifa miliyan 20 ke nan. Da za a jera tifofin kai da gindi, kowace tana cin mita 10, layin zai kai kilomita 200,000, wato ya zagaye duniya sau biyar. Da kuma za a tara dutsen a kan filin ƙwallo guda, irin na filin wasa na Aliu Mahama da ke Tamale, a yi ta ɗora shi a miƙe, tsayinsa zai kai wajen kilomita 20, kusan nisan Tamale zuwa Savelugu.

Ita kuwa zinariyar, tan 157 ɗin nan, saboda tsananin nauyinta ba ta cin wuri. Da za a narkar da ita a dunƙule wuri ɗaya, za ta zama curi mai tsawon mita biyu, faɗin mita biyu, tsayin mita biyu. Ƙaramin shago ɗaya a kasuwar Aboabo zai ɗauke ta har da sauran wuri.

4.0 Dalilin da ke sa bakin rami faɗi

Mai haƙar rijiya yana iya nutsawa a miƙe domin rijiya ƙunci gare ta, kuma yakan ɗaure bangonta da siminti ko duwatsu. Rami mai faɗin ɗaruruwan mita ba ya ɗauruwa. Idan aka bar bangonsa a tsaye zai zabtaro. Saboda haka ake karkatar da bangon, a sassaƙa shi hawa-hawa kamar matakalar bene. Kowane hawa yakan kai tsayin mita 10 zuwa 15, wato tsayin bene mai hawa uku ko huɗu. Tsakanin hawa da hawa ana barin wata 'yar farfajiya da za ta tare duwatsun da suka gangaro.

Karkatar bangon gaba ɗaya takan kama wajen digiri 45 a dutse mai ƙarfi, a ƙasa mai laushi kuwa sai an ƙara kwantar da shi. Ma'anar digiri 45 ita ce, duk mita ɗaya da aka nutsa ƙasa, sai an ja baki baya da mita ɗaya ta kowane gefe. Ramin da zurfinsa ya kai mita 100 yana bukatar baki mai faɗin aƙalla mita 200. Wanda ya kai mita 400 yana bukatar mita 800, ban da faɗin gindin da motoci za su juya.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda yawan dutsen yake ninkuwa. Ramin yana da siffar mazurari. Idan aka ninka zurfin mazurari sau biyu, abin da yake ci yana ninkuwa sau takwas, domin tsawo da faɗi da zurfi duk sun ninku tare. Mazurari mai zurfin mita 100 yana cin kimanin kubik mita miliyan ɗaya, kubik mita kuwa shi ne cikin akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska. Mai zurfin mita 200 yana cin miliyan takwas. Mai zurfin mita 400 yana cin fiye da miliyan 60. Wannan ne ya sa injiniyoyi suke ja-in-ja a kan digiri ɗaya ko biyu na karkatar bango. Idan aka miƙar da shi kaɗan, an huta da kwashe miliyoyin tan na dutse. Idan aka wuce iyaka, bangon ya rufto kan ma'aikata.

Akwai kuma hanyar mota, wadda take zagaya bangon daga gindi zuwa baki. Mota mai nauyin kaya ba ta iya hawan tudu mai tsauri, don haka akan bar hanyar tana tashi mita ɗaya a cikin kowace mita 10. Ramin mita 400 yana bukatar hanya mai tsawon kilomita 4 kafin mota ta fito fili, kuma faɗin hanyar sai ya ishi manyan motoci biyu su gifta juna. Ita ma tana ƙara tura bangon baya.

A ƙarshe, farashi ne yake yanke inda rami zai tsaya. Ana ci gaba da nutsawa muddin kuɗin zinariyar da ke ƙasa ya fi kuɗin kwashe dutsen da ke kanta. A shekarar 2000 ozar zinariya ba ta kai dala 300 ba. Ta haura dala 1,000 a 2008, da dala 2,000 a 2020, da dala 4,000 a 2025. Duk lokacin da farashi ya tashi, dutsen da jiya ake zubarwa yakan zama abin niƙawa, sai a sake zana iyakar ramin a faɗaɗa shi. Ke nan ciniki a kasuwannin Landan da Shanghai yana iya matsar da bakin rami zuwa gonar wani manomi a Talensi.

5.0 Yadda ake aikin da kayan da ake yin sa

Aikin yana tafiya ne a zagaye, dare da rana. Da farko injin huda yana huda ramuka a jere a kan hawan da za a fasa. A ɗura nakiya a ciki, a janye mutane da motoci, a tayar da ita. Fashewa ɗaya tana iya farfasa dubban tan na dutse. Daga nan katafila mai babban cokali ta riƙa ɗiba tana zuba wa motoci. Masana duwatsu sun riga sun auna samfur sun sa alama, don haka direba ya san ko lodinsa na injin niƙa ne ko na juji.

Motocin da kansu abin kallo ne. A manyan mahaƙun Gana ana amfani da masu ɗaukar tan 100 zuwa sama da tan 200. A wasu ƙasashe akwai Caterpillar 797 mai ɗaukar kimanin tan 360, wato lodin tifa 18 a tafiya ɗaya. Tayarta ta kai tsayin mita 4, direba kuwa da tsani yake hawa. Kamfanin BelAZ na ƙasar Belarus ya ƙera wadda take ɗaukar tan 450.

Dutse mai zinariya yana bi ta injin da ke farfasa shi, sa'an nan ya shiga wata babbar ganga mai juyawa da ƙwallayen ƙarfe a ciki, ya fito kamar garin tuwo. Ana dama shi da ruwa, a sa masa sinadarin sayanayid, wanda yake narkar da zinariya. Sayanayid guba ce mai kisa. Wani irin gawayi da aka sarrafa shi ne yake kama zinariyar daga cikin ruwan, daga baya a wanke ta daga jikinsa, a narkar da ita a zuba a zubi. An gina injin Namdini domin ya niƙa tan miliyan 9.5 a shekara, kimanin tan 26,000 a kowace rana. Zinariyar da ke cikin dutsen yini guda ba ta wuce kilo 30 ba, kuma za ta shiga robar ruwan sha mai lita ɗaya da rabi.

Wannan tsari yana bayyana wani abu da yake ɗaure wa matasa kai. A zamanin mulkin Turawa, bayan da Tamale ta zama hedikwatar yankunan arewa a 1907, ana ɗibar maza daga arewa zuwa mahaƙun kudu, domin aikin na ƙarfin damtse ne. Zangunan garuruwan haƙar sun cika da 'yan arewa da Hausawa. Babban rami na yau ba haka yake ba. Direba ɗaya yana kwashe abin da dubban masu kwando ba za su kwashe a yini ba. Girman rami ba ya nuna yawan guraben aiki, kuma guraben da suke akwai na masu horo ne: direbobin manyan motoci, makanikai, masu aikin lantarki, masu awon ƙasa.

6.0 Namdini a cikin sahun ramukan duniya

Kafin zuwan injuna, ramin da ya fi shahara a Afirka shi ne na lu'ulu'u a Kimberley, Afirka ta Kudu. Daga 1871 zuwa 1914 dubban mutane suka haƙa shi da diga da shebur. Faɗinsa mita 463, zurfinsa mita 240. Sun kwashe ƙasa tan miliyan 22.5, suka sami lu'ulu'u kilo 2,722. A farkon shekarun 2020, mahaƙar Tarkwa ta kamfanin Gold Fields tana kwashe kimanin tan miliyan 90 a shekara domin ta sami zinariya tan 16 ko 17. Wato aikin shekara 43 na Kimberley, Tarkwa tana yin sa a wata uku.

Dabarar haƙar dutse mai ƙarancin ma'adini da yawan gaske ta samo asali ne a Bingham, jihar Utah ta Amurka. Wani injiniya mai suna Daniel Jackling ya nuna cewa dutsen da tagullarsa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 ba zai iya kawo riba, idan aka kwashe shi da manyan injuna da jirgin ƙasa. An fara a 1906. Wurin da dā tsauni ne yanzu rami ne mai faɗin kilomita 4 da zurfin kimanin mita 1,200. Alhazai sun san dogon benen agogo na Makka, wanda tsayinsa mita 601 ne. Sai an ɗora irinsa biyu, ɗaya kan ɗaya, kafin su kai bakin ramin Bingham. Mai tafiya a ƙasa zai yi kusan awa uku kafin ya zagaye shi.

A ƙasar Cile akwai Chuquicamata, ramin tagulla mai tsawon fiye da kilomita 4, faɗin kilomita 3, zurfin kusan kilomita ɗaya. A yankin Sibiriya na Rasha akwai ramin lu'ulu'u na Mirny, mai faɗin mita 1,200 da zurfin mita 525, wanda aka daina haƙarsa ta sama a 2001. A Kalgoorlie ta Ostireliya akwai ramin zinariya mai tsawon kilomita 3.5 da zurfin fiye da mita 600. Namdini bai kai waɗannan ba, amma lissafin da ya haifi su shi ne ya haife shi.

Irin wannan girma yana da haɗarinsa. A ranar 10 ga Afrilu, 2013, wani ɓangare na bangon Bingham ya zabtaro, dutse kimanin kubik mita miliyan 65 ya gangara gindin ramin. Babu wanda ya rasa ransa, domin na'urorin da ke lura da motsin bango sun nuna alama tun da wuri, aka kwashe ma'aikata.

7.0 Abin da rami yake bari

Dutsen da aka fitar daga rami ba ya ɓacewa. Yana komawa wuri biyu. Na zubarwa ana jibge shi a gefe har ya zama tsauni. Wanda aka niƙa kuwa yana fita a matsayin laka mai ɗauke da ragowar sinadarai, a tura shi cikin wata babbar madatsa. Tun da giram ɗaya kawai aka cire daga tan guda, kusan duk tan miliyan 138 na Namdini laka zai zama. Saboda haka filin da mahaƙa take ci ya ninka bakin ramin sau da yawa: ga juji, ga madatsar laka, ga masana'anta, ga hanyoyi, ga tazarar da ake bari saboda fashewar nakiya.

Abu na farko da ke jawo magana shi ne ƙasa. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya ce duk ma'adinin da ke cikin ƙasa mallakar jamhuriya ne, Shugaban Ƙasa yana riƙe da shi amana a madadin jama'a. Dokar ma'adinai ta 2006 ta wajabta biyan diyya ga wanda aka karɓi gonarsa ko gidansa, da sake tsugunar da waɗanda aka tasa. An tashi ƙauyuka a Tarkwa, an tasa a Ahafo kafin kamfanin Newmont ya fara fitar da zinariya a 2006, an kuma tasa a Namdini. A Cile ma, garin Chuquicamata kansa sai da aka kwashe mutanensa zuwa Calama, aka gama a 2007. Diyyar amfanin gona tana da sauƙin lissafi. Ta kaɗanya da ɗorawa ta fi wuya, domin kaɗanya tana yin shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, kuma mata ne suka fi dogara da ita alhali filin ba da sunansu yake ba. Akwai kuma makabartu da wuraren tsafi, waɗanda a ƙasar Talensi suke ƙarƙashin kulawar tindana, mai kula da al'amuran ƙasa a gargajiyance.

Abu na biyu shi ne ruwa. Rami mai zurfi yana janyo ruwan ƙarƙashin ƙasa zuwa cikinsa, sai a yi ta zuƙe shi da famfo, abin da kan sa rijiyoyin maƙwabta su ja baya. Madatsar laka kuwa dole ta tsaya daram ko bayan kamfani ya tafi. A ranar 25 ga Janairu, 2019, irin wannan madatsa ta ɓalle a Brumadinho ta ƙasar Brazil, mutum 270 suka mutu. Wannan batu ya shafi Tamale kai tsaye. Gundumar Talensi tana bakin kogin Farin Volta, wanda matafiyi yake tsallakawa a Pwalugu kan hanyar Bolgatanga. Daga wannan kogi, a Nawuni, ake janyo ruwan da ake tacewa a Dalun a turo wa Tamale. Duk abin da ya shiga kogin a sama, ko daga babbar mahaƙa ko daga 'yan galamse masu wanke zinariya da sinadarin makuri, ƙasa yake gangarowa.

Abu na uku shi ne ramin kansa. Ba a cika cike manyan ramuka ba, domin mayar da dutsen yana cin kuɗi kusan kamar fitar da shi. Akasari akan bar su ruwa ya taru. Hausawa suna da tsohon misali a Jos. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka haƙi kuza a buɗaɗɗun ramuka a can, Hausawa da yawa suka yi leburanci, har da aikin tilas tsakanin 1942 da 1944. Kasuwar kuza ta faɗi, kamfanoni suka watse, amma ɗaruruwan tafkunan da suka bari suna nan. Wasu ana noman rani da su, wasu kuma suna cin mutane da dabbobi. A Arlit ta Nijar, inda kamfanin Somaïr ya fara fitar da yuraniyam daga buɗaɗɗun ramuka a 1971, an kafa gari sukutum saboda haƙar. Da aka rufe mahaƙar Cominak ta ƙarƙashin ƙasa da ke maƙwabtaka da garin a watan Maris na 2021, ta bar tarin ragowar dutsen da aka sarrafa kimanin tan miliyan 20.

Dokar Gana ta tanadi cewa kamfani ya ajiye kuɗin jingina a hannun hukumar kare muhalli domin gyaran wurin bayan an gama. Amfanin wannan tanadi ya dogara ne ga ko kuɗin da aka ajiye ya yi daidai da girman abin da za a gyara.

8.0 Kammalawa

An ga cewa abubuwa uku ne suke haɗuwa su ba buɗaɗɗen rami girmansa: ƙarancin ma'adini a cikin dutse, da karkatar bango wadda ke sa yawan dutse ya ninku sau takwas idan zurfi ya ninku sau biyu, da farashin kasuwa wanda ke yanke inda za a tsaya. A Namdini, wannan lissafi yana nufin kwashe dutse tan miliyan 400 domin curin zinariya mai mita biyu ta kowace fuska. Zinariyar za ta fita ƙasashen waje, gwamnati ta sami haraji da kason kashi 10 cikin 100 da doka ta ba ta a manyan mahaƙu, wasu kuma su sami aiki. Ramin da jujin da madatsar laka za su zauna a Talensi bayan shekara 15 ɗin sun wuce.

Don haka idan aka ji labarin sabuwar mahaƙa a arewacin Gana ko a ƙasar Hausa, akwai alƙaluman da suka fi jimlar oza amfani ga mazauna wurin. Giram nawa ne a cikin tan? Tan nawa za a zubar a kan kowane tan da za a niƙa? Ina za a tara lakar, kuma wane rafi ne a ƙasa da ita? Nawa aka ajiye domin gyara, kuma a hannun wa? Kamfanoni suna rubuta amsoshin mafi yawan waɗannan tambayoyi a cikin rahoton tasirin aiki a kan muhalli, wanda doka ta ce a baje wa jama'a kafin a ba da izini. Ɗalibin da ya iya karanta rahoton, ya kuma iya mayar da alƙalumansa zuwa lodin tifa da miskali da kadadar gona cikin Hausa ko Dagbani ko Talni, zai yi wa mutanen garinsu aiki mai amfani a ranar da aka kira taron jin ra'ayi.